Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ɗahiru Ke Komawa ÆŠahiru A Kwamfuta?

TAMBAYA: Ni malami ne a wata makarantar Islamiyya a Dogon Daji, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, kuma ina ɗan taɓa koyon shirya manhaja da harshen Python. Na rubuta wata 'yar manhaja da ke karanto sunayen ɗalibai daga fayil, ta jera su, ta fitar da takardar sakamakon jarrabawa. A tsohuwar kwamfutata mai Python 2.7 sunaye na fita daidai, sai dai in na sa ta ƙirga haruffan suna irin Ɗahiru sai ta ce 7, alhali 6 ne. Da na kai manhajar shagon wani abokina a Tambuwal mai Python 3, muka gyara 'yan wurare ta tashi, sai Ɗahiru ya koma ÆŠahiru, wani lokacin ma aikin ya tsaya cak. Wani abokin aikinmu a Kebbe kuma ya ce shi akwatuna yake gani a wayarsa. Cutar kwamfuta ce ta shiga, ko kuwa kwamfuta ce ba ta jin Hausa? In haƙura da haruffa masu lanƙwasa kawai? Daga wani malami, Dogon Daji.

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah Ya ƙara basira. Tambayarka ta yi mini daɗi, domin ka kawo ta da shaidunta a hannu, ba ka tsaya ga cewa "abin ya lalace" ba. Kana son sanin dalilin da ya sa manhaja guda, da fayil guda, suke ba da sakamako daban-daban idan an canja sigar Python ko an canja na'ura. Bari in fara kwantar maka da hankali: babu cutar da ta shiga kwamfutarka, kuma ba ka yi wani kuskure na rashin sani ba. Abin da ya same ka ya sami masu rubutu da Faransanci da Rashanci da Larabci tun kafin kai.

Tushen maganar shi ne kwamfuta ba ta ajiye harafi. Lamba take ajiyewa. In ka danna a, abin da ke shiga fayil shi ne 97, in ka danna b kuma 98. Sai an zo nunawa a fuskar kwamfuta ne take duba wani jadawali ta ga wane harafi ke da wannan lambar, ta zana shi. Kai da ke riƙe da rajista ka san wannan: lamba 12 a rajistar aji uku wani yaro ne, a rajistar aji huɗu kuma wata yarinya ce daban. In aka aiko maka da takarda aka ce lamba 12 ya ci jarrabawa, ba a faɗi ajin ba, kai kuma ka ɗauko rajistar da ta fi kusa da hannunka, to za ka ba wanda bai ci ba kyauta. Lambar ba ta canja ba, rajistar ce aka sauya.

Jadawali na farko da ya bazu shi ne ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963. Gurabe 128 kawai gare shi: haruffan Turanci, alƙaluma, alamomin rubutu da wasu 'yan umarni na na'ura. Daga baya aka faɗaɗa zuwa gurabe 256, wato iyakar abin da bayit ɗaya zai iya ɗauka. Bayit shi ne ɗan ma'aunin da kwamfuta ke auna ajiya da shi, kuma lambar da ke cikinsa ba ta wuce 0 zuwa 255. Sai kowane yanki ya cika ƙarin guraben da nasa haruffan. Yammacin Turai suka sami nasu jadawalin, wanda a Windows ake kira Windows-1252, Rashawa da Girkawa da Larabawa ma kowa da nasa. A cikin waɗanda suka shigo kasuwanninmu babu wanda ya ware wa ɓ, ɗ da ƙ gurbi.

Shi ya sa mutanenmu suka yi dabara. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka daɗe suna yi wa marubuta da ɗaliban Hausa aiki. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta amfani da ita, a zana harafi mai lanƙwasa a wurin. Matuƙar salon yana kan kwamfutar, rubutu lafiya lau. Da zarar an kai fayil ɗin inda babu shi, sai asiri ya tonu, ka ga qasa da xaya, ko }asa da ]aya. In ka taɓa buɗe tsohon kundin digiri ka ga haka, to dalilin ke nan. Aiki ne da ya cancanci yabo a zamaninsa, amma yau an wuce wurin.

Abin da ya wuce da mu wurin shi ne Unicode, babban jadawali guda na duniya baki ɗaya, wanda ya fito a 1991, kuma yanzu yana ɗauke da alamomi fiye da 140,000, har da haruffan Larabci da muke rubuta ajami da su. A cikinsa kowane harafinmu na da lambarsa ta dindindin. Babban Ɓ 385 ne, babban Ɗ 394, babban Ƙ 408, ƙaramin ƙ 409. Ƙaramin ɓ kuwa 595 ne, ƙaramin ɗ 599. Harafin ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y, shi ma 436 ne. Ka ga ashe kwamfuta na jin Hausa, tun sama da shekara 30.

To ina matsalar ta fito? Duba lambobin nan da kyau, duk sun haura 255, don haka ba za su shiga bayit ɗaya ba. Dole a sami hanyar raba lamba babba a cikin bayit biyu ko fiye. Hanyar da ta yi rinjaye ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A cikinta haruffan Turanci na nan a bayit ɗaya kamar da, haruffanmu masu lanƙwasa kowanne bayit biyu, alamar naira ₦ kuma bayit uku.

Yanzu mu ɗauki Ɗahiru mu dube shi a tsanake. A fayil ɗinka, Ɗ ya zauna a matsayin lambobi biyu a jere, 198 da 138, sannan a, h, i, r, u, kowanne lamba ɗaya. Jimla bayit 7 ke nan. Manhajar da ta san UTF-8 ce za ta haɗe 198 da 138 ta ce wannan Ɗ ne. Wadda ta ɗauko jadawalin Windows-1252 kuwa za ta karanta su ɗaya-ɗaya: 198 a can Æ ne, 138 kuma Š. Ga ÆŠahiru ɗinka nan. Haka ƙasa ke komawa Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki, naira ta koma â‚¦. Duk inda ka ga Æ ko É sun tsaya a inda harafi mai lanƙwasa ya kamata, ba sai ka je wurin mai gyara ba, ka san an rubuta da UTF-8 an karanta da wani jadawalin.

Sai mu zo kan Python, inda zuciyar tambayarka take. Guido van Rossum ya fitar da harshen a 1991, shekarar da Unicode ta fito, amma bai gina shi a kanta ba. A Python 2, wanda ya zo a 2000, abin da ka sa tsakanin alamun zance jerin bayit ne kawai. Harshen bai damu da ko harafi ne ko rabin harafi ba. Wannan ne ya sa tsohuwar kwamfutarka ta yi kamar ta fi iya Hausa: ta kwaso lambobin daga fayil, ba ta buɗe su ba, ta zuba su a wani fayil yadda suke. Amma da ka tambaye ta tsawon sunan da umarnin len, sai ta ƙirga bayit ta ce 7. Da ka ba ta sunan garin Ƙanƙara da ta ce 9, alhali haruffa 7 ne. Da ka ce ta mai da ƙasa manyan baƙaƙe da umarnin upper, da ta ba ka ƙASA, domin ba ta san ƙ na da babba ba. Mafi muni, da ka ce ta yanko harafin farko na kowane suna, da ta tsaga Ɗ gida biyu ta miƙo maka rabi, abin da ba ya karantuwa a matsayin Ɗ a kowane jadawali. Python 2 na da hanyar riƙe haruffa na gaskiya, ta sa ɗan u a gaban alamar zance, amma sai wanda ya sani ya nema, kuma in aka gauraya iri biyun sai manhaja ta faɗi da kukan UnicodeDecodeError.

Python 3, da ya fito a Disambar 2008, ya juya al'amarin. A cikinsa rubutu haruffa ne, bayit kuma abu ne daban mai sunansa. Tsawon Ɗahiru 6 ne, ƙasa na komawa ƘASA, har ma kana iya raɗa wa ma'ajiyar lamba a cikin manhajarka suna da Hausa, ka ce ɗalibai ko ƙima. Gyara ne mai kyau, kuma ni a ganina shi ne daidai, ko da yake ya jawo wa masu tsofaffin manhajoji wahalar da ta sa aka yi shekara 11 ana jan ƙafa, sai ranar 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da Python 2 gaba ɗaya.

Amma gyaran ya zo da nasa sharaɗin. Tunda yanzu harshen na son haruffa, dole duk lokacin da ya buɗe fayil ya fassara bayit zuwa haruffa, kuma dole ya zaɓi jadawalin da zai yi fassarar da shi. In ba ka faɗa masa ba, sai ya tambayi kwamfutar da yake kai. A Linux da kwamfutocin Apple amsar kusan kullum UTF-8 ce. A Windows mai saitin Turanci, irin wadda ta cika shagunanmu daga Sakkwato har Jega, amsar Windows-1252 ce. Wannan ne ya faru a shagon abokinka. Manhajarka ba ta faɗi jadawali ba, Python 3 ya yi zato, zaton kuma ya kuskure.

Tsayawa cak ɗin ma yana da bayani, kuma ina jin daɗin wannan ɓangaren. Babban Ɓ a UTF-8 lambobi ne 198 da 129. To gurbi na 129 fanko ne a jadawalin Windows-1252, babu harafin da ke zaune a ciki. Saboda haka Ɗ da ƙ za su wuce a gurɓace ba tare da hayaniya ba, amma da zarar an ci karo da babban Ɓ a fayil, Python 3 zai tsaya ya ce bai san wannan ba. Haka kuma in ka sa ƙ a cikin manhajar kanta, a kan takardar sakamako misali, ka ce a rubuta shi a fayil ta wancan jadawalin, zai sake tsayawa, wannan karon da UnicodeEncodeError, domin babu gurbin da zai sa shi. Kada tsayawar ta ba ka haushi. Manhajar da ta tsaya ta yi ƙara ta fi wadda ta yi shiru ta buga wa yara 200 takardu da gurɓatattun sunaye.

Ko a cikin Python 3 ɗin ma ba a zauna wuri ɗaya ba. Ɗan u ɗin nan an cire shi a 3.0, aka dawo da shi a 3.3 a 2012 don sauƙaƙa wa masu ƙaura. A 3.6 ta 2016 aka gyara yadda harshen ke nuna rubutu a baƙin allon umarni na Windows. A 3.7 ta 2018 aka kawo wani saiti da mutum zai kunna don komai ya bi UTF-8, kuma masu kula da harshen sun amince cewa daga 3.15 wannan saitin ne zai zama na asali. Ba Python kaɗai ba ne. Ruby ta mai da UTF-8 jadawalin rubuta manhaja a sigarta ta 2.0 a 2013. Java sai a siga ta 18, a Maris ɗin 2022, ta daina bin zaton kwamfuta wajen buɗe fayil. PHP kuwa ta yi yunƙurin sake gini a kan Unicode da sunan PHP 6, aikin ya gagara aka watsar a 2010, har yau umarninta na strlen bayit yake ƙirgawa, mai son haruffa sai ya kira mb_strlen. Kowane harshe da shekarar da ya farga, shi ya sa manhaja ɗaya ke canja hali in an canja siga.

Akwatunan da abokin aikinka na Kebbe ke gani kuwa ciwo ne daban, kuma shi ne mafi sauƙi. A nan lambar ta iso lafiya, an karanta ta da jadawalin da ya dace, amma salon haruffan da ke kan wayar ba shi da zanen wannan harafin, sai ya sa akwati ya riƙe wurin. Ka lura ɗazu ƙ na 409 amma ɗ na can 599? Unguwanninsu daban ne a cikin Unicode: ƙananan ɓ da ɗ suna zaune ne cikin alamomin masana furuci. Wannan na cikin dalilan da wani salon zai nuna maka ɗaya ya kasa ɗayan. Maganinsa a sauya salo zuwa irin su Noto ko Charis SIL, ko ka mai da takardar PDF kafin ka tura masa, don zanen haruffan ya tafi tare da ita.

Akwai ciwo na uku da ba ka ambata ba, amma ina so ka san shi tun bai same ka ba, wato alamar tambaya, ka ga ?ahiru. Wannan na faruwa ne idan an adana rubutu ta jadawalin da ba shi da harafin, manhajar kuma maimakon ta tsaya sai ta jefar da shi ta sa alamar tambaya, kamar yadda kan faru a tsofaffin rumbunan bayanai na MySQL da aka bari a kan latin1. ÆŠahiru na warkewa, domin lambobin na nan, sake fassara su kawai za a yi. Akwati na warkewa. Amma alamar tambaya in ta shiga fayil, harafin ya tafi ke nan, sai dai a bi suna-suna a gyara da hannu.

To me za ka yi? Abu na farko, ka bar Python 2.7, tunda masu shi ma sun bar shi. Na biyu, kuma shi ne maganin da ya fi kowanne, kada ka ƙara barin harshen ya yi zato. Duk inda ka yi amfani da umarnin open, ko don karantawa ko don rubutawa, ka ƙara masa encoding="utf-8". Wannan 'yar ƙarin kaɗai za ta sa manhajarka ta yi hali ɗaya a Dogon Daji da Tambuwal da ko'ina, a kan kowace siga ta Python 3. In fayil ɗin da kake fitarwa na CSV ne da za a buɗe da Excel, ka sa utf-8-sig a maimakonsa, domin yana ɗora wata 'yar alama a farkon fayil da ke sanar da Excel jadawalin, in babu ita yakan koma ga zatonsa. Wajen shigar da sunaye kuma ka yi amfani da madannan Hausa na gaskiya. Windows na da su a cikin saitin harsuna, Gboard ma na da su a waya.

Sauran abu biyu za su rage ko bayan ka yi duk wannan, kuma gara in faɗa maka don kada ka zaci gyaran bai ci ba. Na farko jeri. Umarnin sorted na bin girman lamba ne, babban Z kuwa 90 ne, Ɗ na 394, saboda haka Ɗahiru zai faɗo ƙasan Zainab maimakon ya biyo bayan Dauda. Sai ka rubuta wa manhajar jerin abacadar Hausa da kanka, ka ce ta bi shi. Layi kaɗan ne, kuma darasi ne mai kyau ga mai koyo. Na biyu ita ce 'yar alamar da ke cikin Mu'azu, Sa'adatu da 'ya'ya. A ido ɗaya ce, amma a kwamfuta akwai miƙaƙƙiya mai lamba 39, akwai lanƙwasasshiya mai lamba 8217 da Word ke sakawa da kansa, akwai kuma ta uku mai lamba 700. In an shigar da Mu'azu da ɗaya aka neme shi da wata, manhaja za ta ce babu shi a makarantar. Ka zaɓi guda, ka sa manhajar ta mai da sauran zuwa gare ta tun a bakin shiga. Ka kuma yi hattara da umarnin title, domin zai mai da sa'adu ya zama Sa'Adu, a tsohon Python da sabo duka.

Game da haƙura da lanƙwasa, a'a Malam, ban ba ka wannan shawarar ba. Na san abin da ke ja: sunan garinku da Tambuwal da Kebbe da Sakkwato duk ba su da harafi mai lanƙwasa, mutum na iya cika takardu da yawa bai ji a jikinsa ba. A saƙon waya ma akwai uzuri, tunda ƙ ɗaya tak na rage saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, kuɗi ya ƙaru. Amma takardar makaranta ba saƙon waya ba ce. Yaron da kuke koya wa bambancin baki da baƙi, da kafa da ƙafa, bai kamata ya karɓi sakamako daga hannunku da sunansa a rubuce ba daidai ba. An daidaita waɗannan haruffa tun shekarun 1930, bayan an gwada ɗigo a ƙarƙashi da wasu dabaru, kuma injinan ɗab'i na Zariya sun daɗe suna buga su da dalma. Abin da dalma ta iya, ba kwamfuta ce za ta gagara ba.

Kafin ka taɓa komai, ka kwafi asalin fayil ɗin sunayen da ke tsohuwar kwamfutarka ka ajiye gefe, domin shi ne lafiyayye, kada ka adana wanda ya gurɓace a kansa. Sannan ka haɗa ɗan fayil na gwaji mai ɗauke da Ɓ, ɓ, Ɗ, ɗ, Ƙ, ƙ, 'y da ₦, ka riƙa wuce da shi ta manhajar duk lokacin da ka canja kwamfuta ko siga. In jerin abacadar ya ba ka wuya, ka sake rubuto mana, za mu bi shi tare layi-layi.